Injin Zuƙar Ƙura Yana Ƙara Amma Ba Ya Ɗaukar Datti

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Injin zuƙar ƙurana ya shekara 3 a hannuna. Kwanan nan ƙararsa ta ƙaru amma ba ya kwasar datti kamar da, sai in bi wuri ɗaya sau huɗu kafin ya fita. In ya yi kamar minti 10 yana aiki sai ya mutu da kansa, can an jima kuma ya tashi. Jiya har ƙauri na ji. Ya gama yayi ke nan in nemi wani, ko yana gyaruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yar da shi tukuna. Abubuwan da kika lissafa, ƙarar da ta ƙaru da rashin ɗauka da mutuwar da yake yi da kansa, galibi tushensu ɗaya ne: iska ba ta samun hanya. Ƙaurin ne kaɗai ya ɗan tsaya mini a rai, zan zo kansa. Abin da nake roƙonki tun yanzu shi ne ki daina kunna shi har sai kin duba abubuwan da zan faɗa miki, domin kowace mutuwar da yake yi yana rage wa moton kwana ne.

Sai kin san yadda yake aiki sannan gyaran zai zo miki da sauƙi. Ana ce masa mai zuƙar ƙura, amma a gaskiya iska yake ja, ƙurar kuwa biyo iskar take yi. A cikinsa akwai moto da ke juya wata 'yar fanka a rufaffen gida, da gudun da ya haura juyi dubu 20 a minti ɗaya. Fankar tana tunkuɗa iska ta baya, sai cikin injin ya zama da ƙarancin iska, iskar ɗaki kuma ta kutso ta bakinsa da ƙarfi ta kwaso abin da ta tarar a ƙasa. Daga nan iskar ta bi ta tiyo, ta sauke dattin a jaka ko a kwano, ta ratsa filta, ta wuce ta jikin moton ta fita waje. Ki riƙe wannan na ƙarshen da kyau: a yawancin injinan gida, iskar da ta kwaso ƙurar ita ce dai take sanyaya moton. In hanya ta toshe, abu biyu ne ke faruwa a tare. Ba ya ɗauka, kuma moton yana ta ɗaukar zafi ba mai fifita shi. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa suka sa masa wani ɗan makunni mai jin zafi wanda ke yanke wuta idan zafin ya yi yawa, ya kuma mayar da ita idan ya huce, yawanci bayan rabin awa zuwa awa ɗaya. Wannan ce mutuwar da kike gani. Kare kansa yake yi.

Ƙarar da ta ƙaru ma shaida ce. Mutane da yawa suna ɗauka cewa in injin ya yi ƙara mai tsini to wahala yake sha. A'a, aikin ne ya ragu masa. Fanka in ba ta samun iskar da za ta tura, nauyi ya sauka daga kanta, sai moton ya ƙara gudu, muryarsa ta yi sama. Ki gwada da lafiyayyen inji: ki toshe bakin tiyo da tafin hannu na daƙiƙa biyu, za ki ji muryar ta canja nan take. To naki kullum a wannan halin yake.

Kafin ki taɓa komai, ki zare filogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, musamman da yake injin da ya mutu don zafi yana iya tashi da kansa hannunki na cikin buroshi.

Ki fara da inda datti ke taruwa. Idan mai jaka ne, kada ki jira jakar ta cika fam, da ta kai kashi biyu cikin uku a canja ta. Akwai kuma abin da ke ruɗin mutane: jaka tana iya toshewa alhali kusan babu komai a cikinta. Jikinta ƙananan ƙofofi ne da iska ke bi, kuma ƙura mai laushi irin ta siminti ko filasta ko toka ko hoda tana liƙe ƙofofin nan tun kafin jakar ta yi nauyi. Saboda haka ba na goyon bayan zazzage jakar takarda a mayar da ita, don an zubar da dattin ne kawai, toshewar tana nan. Idan kuma mai kwano ne marar jaka, akwai layi a jikin kwanon da ke nuna iyakar cika. Irin wannan injin juya iska yake yi kamar guguwa, dattin ya wulwula ya faɗa ƙasa. In datti ya haura layin, guguwar ba ta da wurin juyawa, sai ƙurar ta zarce kai tsaye kan filta. Ki duba ragar da ke tsakiyar kwanon ma, gashi da zare suna yawan yi mata lulluɓi. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya share ta.

Sai filta, kuma a nan nake zargin matsalarki take. Inji mai shekara 3 da ba a taɓa wanke masa filta ba, ko ban gan shi ba zan iya rantsuwa ya toshe. Yawancin injina filta biyu gare su. Ta farko tana gaban moto, galibi soso ce ko wani yadi mai kauri, aikinta ta hana ƙura shiga moton. Ta biyu tana bayan moto, inda iska ke fita, aikinta ta hana ƙura mai laushi komawa ɗaki. Mutane kan san da ta farko su manta da ta biyun ɗungum, don tana ɓoye a bayan wani murfi. Ta soso ana wanke ta: ruwan sanyi zalla, ba sabulu, a yi ta matsawa a hankali har ruwan ya fito fari. Sannan a bar ta ta bushe a inda iska ke kaɗawa, aƙalla awa 24. Ina nanata wannan domin a nan ake yin ɓarna. Filta mai danshi in aka mayar, ƙura ta haɗu da ruwa ta zama laka ta toshe ta fiye da da, injin ya riƙa warin ruma, danshin kuma ya isa moto ya sa tsatsa. Kada a kanga ta a wuta ko a busar da ita da na'urar busar da gashi, soson narkewa yake yi ko ya ƙanƙance ya bar gefe a buɗe.

Filtar baya sau da yawa takarda ce mai ninki-ninki, wadda ake kira HEPA. Ta gaske tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, wato abin da ido ba ya gani ko kusa, shi ya sa take da amfani ga mai asma ko mai yawan atishawa. Wannan ba a wanke ta sai in an rubuta a jikinta cewa tana wankuwa. Ruwa yana lalata zarenta, za ta yi kyau a ido amma ta daina tacewa. A ɗan bubbuga ta a waje ƙurar ta zube, in ta yi baƙi ƙirin a sayi sabuwa. Kuma don Allah kada wani ya ce miki ki cire filtar ki yi aiki haka nan tunda ƙarfin ya dawo. Lalle zai dawo, na 'yan makonni, sannan ƙura ta cinye moton.

Ga gwajin da zai raba miki gardama. Bayan kin zubar da datti kin gyara filta, ki cire tiyon gaba ɗaya daga jikin injin, ki kunna, ki sa hannu a ramin da tiyon ke shiga. In kin ji yana jan tafin hannunki da ƙarfi, moto lafiya lau, matsalar tana cikin tiyo ko sandar ƙarfe ko kan da ke bin ƙasa. In jan ba ƙarfi ko a nan, to matsalar tana cikin jikin injin: filta, ko robar da ke rufe bakin murfi ta tsage ko ta goce daga mazauninta, ko murfin bai zauna daidai ba.

Tiyo yana da cuta iri biyu, toshewa da yoyo. Don gane toshewa, ki miƙe shi tsaye ki jefa tsabar kuɗi ko ɗan ƙaramin dutse ta sama. In ya faɗo ta ƙasa hanya a buɗe take, in ya maƙale kin ma ji daidai inda ya tsaya. Ki tura sandar tsintsiya mai santsin kai a hankali ki turo abin. Ban da waya mai tsini, za ta huda tiyon ki koma neman maganin wata cutar. Toshewar ta fi faruwa a wuraren lanƙwasa: wajen mariƙi, da wuyan da ke haɗa sanda da kai. Abin da kan jawo ta kuwa ƙaramin abu ne da ya gindaya, tsinken sakace ko murfin biro ko ashana, sai gashi da zare su yi ta taruwa a kansa har su zama toshe. Na taɓa ciro safar jariri daga wuyan wani inji da mai shi ya riga ya yanke shawarar sayen sabon moto. Yoyo kuma, ki kunna injin ki bi jikin tiyon da hannu kina ɗan miƙar da shi, za ki ji iska na shiga ta tsagar ko ki ji fito. Tsagar ta fi fitowa dab da bakin tiyon, inda ake yawan ja. Salatif ɗin masu gyaran wuta zai riƙe na ɗan lokaci. A wasu injinan ana iya kwance bakin, a yanke wurin da ya tsage, a sake murɗa bakin a kan lafiyayyen wuri. Ki kuma leƙa mariƙin, akwai wata 'yar ƙofa da ake zamewa don rage ƙarfin ja idan ana share labule. Sau da yawa a buɗe ake manta ta.

Yanzu ƙaurin. Ina so ki tuna irin wanda kika ji, domin hanci yana gaya wa mai gyara abin da ido bai kai gare shi ba. In ƙaurin roba ne, irin na taya, to albishirinki, bel ne. Injin da ke da buroshi mai juyawa a kansa, galibi bel ɗin roba ne ke haɗa buroshin da moto. Gashi da zare suna nannaɗe buroshin, su kutsa cikin boris ɗin da ke gefe biyu, wato zobban da buroshin ke juyawa a cikinsu, har ya ƙi juyawa. Sandar moto kuwa ba ta tsaya ba, sai ta yi ta gurzar bel ɗin a wuri ɗaya har ya ƙone. Haka ma in injin ya cafki bakin darduma ko igiyar takalmi. Ki kifar da kan, ki kwance faifan ƙasa, yawanci sukurori kaɗan ne ko 'yan maɓallai. Ki bi tsawon buroshin da almakashi ki yanke gashin, ki zare murafan gefe ki ciro wanda ya shige ciki. Sannan ki juya buroshin da hannu: ya kamata ya juya sumul ba tare da ƙara ba. Bel kuma ko bai tsinke ba yana saki da daɗewa. In kin ga ya yi sheƙi, ko ya tsattsage, ko yana shiga ba tare da kin ja shi da ƙarfi ba, ya gama aiki. Sabon bel sai an yi da gaske yake shiga, haka ake so. Ki tafi da tsohon ko lambar injin wajen saye, don ɗan bambancin tsawo kaɗan yana hana buroshin gudu. Mai shimfiɗaɗɗen bel na roba, canja shi sau ɗaya a shekara ba asara ba ce. A kan kafet buroshin nan ne ke yin rabin aikin, shi ke kaɗe ƙurar ta taso iska ta ɗauke, don haka inji mai ƙarfin ja amma buroshinsa a tsaye zai share tayil tas ya kasa kafet. In kan naki yana da maɓallin ɗagawa da saukewa, ki daidaita shi da kaurin kafet ɗin: in ya yi sama buroshi ba ya taɓawa, in ya yi ƙasa da yawa ya manne iska ta rasa ta inda za ta shiga.

In kuwa ƙaurin na wayar wuta ne, mai kaifi mai shiga maƙogwaro, to magana ta koma kan moto. Moton irin wannan injin yana da wasu 'yan sanduna biyu na gawayi, masu gyara suna ce musu kabon, da sifirin ke dannawa a jikin amecha, wato ɓangaren moton da ke juyawa, don su ba ta wuta tana juyawa. Gugar yau da gobe tana cinye su. In sun gajarce, sai ki ga tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, muryar injin ta riƙa rawa, yana ɗaukewa yana dawowa, wani lokaci sai an ɗan buge shi ya tashi. Ɗan tartsatsi shuɗi ƙarami ba laifi ba ne, haka moton yake. Wanda ke zagaye amecha kamar zobe shi ne abin tsoro. Idan an gano da wuri, canja kabon ƙaramin aiki ne, kuma guda biyun ake canjawa tare. Idan aka yi ta aiki da shi a haka, jan ƙarfen da kabon ke gogawa ya ƙone ya yi rami, ko kwayil, wato naɗin wayar cikin moton, ya ƙone, daga nan sai sabon moto. Wannan aikin ban ba ki shawarar ki yi da kanki ba sai in kin saba da kayan wuta. Kuma in injin yana cikin garanti, buɗe gidan moto yana soke shi.

Akwai wasu muryoyin da ya kamata ki sani. Ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, musamman a lokacin da aka kashe shi yana rage gudu, boris ɗin moto ne ya bushe ko ya ci. Kakkarwa mai ƙarfi da ta zo farat ɗaya bayan ya haɗiyi wani abu mai tauri, fanka ce ta karye ko wani abu ya maƙale a cikinta. Fito kuma iska ce ke satar hanya.

Tunda ana tare, bari in taɓo wanda ya ƙi tashi sam, ko da yake ba shi kika tambaya ba. A nan moto ne abu na ƙarshe da nake zargi. A fara gwada soket da wani abu. A duba fiyus idan filogin mai fiyus ne, a mayar da mai lamba ɗaya da wanda aka cire, ban da naɗa waya a madadinsa. Sai igiyar wutar kanta, wadda ta fi komai shan wahala a jikin injin: ana ja, ana takawa, ana fizgo ta daga soket daga nesa. Tana karyewa ta ciki robar waje na nan lafiya, galibi dab da filogi ko inda ta shiga jikin injin. Alamarta ita ce injin ya riƙa tashi yana mutuwa idan igiyar ta motsa. Mai gyara zai auna ta da mita ya yanke wurin ko ya canja ta duka. Igiyar da jan ƙarfenta ya bayyana ba a naɗe ta da salatif a ci gaba, shokin da gobara duk suna nan. Mai igiyar da ke naɗe kanta kuma kada ki buɗe gidan naɗin, akwai sifirin mai ƙarfi a ciki da ke iya fallewa ya yanki hannu. Wani abin lura ga injin da aka sayo daga wata ƙasa: na Amurka an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, ƙasashe da yawa kuwa 220 zuwa 240 suke amfani da shi. In aka soka na 120 a wutar 230 ba tiransifoma, cikin ɗan lokaci kaɗan zai ƙone. Lambar tana rubuce a ƙasan injin.

Masu batir marasa igiya nasu salon daban ne kaɗan. In kin ji yana yi yana tsayawa, yana yi yana tsayawa kamar mai shessheƙa, yawanci ba batir ba ne, injin ne ke sanar da ke cewa ya toshe ko filtarsa ta cika. In kuwa yana aiki sumul amma cajin da ke kai minti 30 ya koma minti 5, batirin ne ya tsufa, kuma a yawancinsu ana iya canja shi. Zafi ne babban abokin gabar batirin litiyom, don haka kada a sa shi caji yana da zafin aiki, kada kuma a ajiye shi inda rana ke duka. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, kuma ba a jefa shi cikin shara ko wuta.

Idan ya tashi, ki kiyaye masa abin da yake ci. Ruwa ko wuri mai jiƙe ba nasa ba ne, sai injin da aka ƙera don haka, wanda iskar da ke sanyaya motonsa daban take da wadda ke kwaso datti. Toka mai ɗumi ko guntun garwashi na iya kunna wuta a cikin jaka, tunda ga ƙura busasshiya ga iska na hurawa. Fasasshen gilashi yana yanka tiyo da jaka. Ƙurar gini kuma, in an yi gyaran gida, a fara kwashe ta da tsintsiya da tsumma mai danshi.

In ma ta kai ga sayen sabo, kada yawan wat da aka rubuta a kwali ya ɗauke miki hankali. Wat wutar da injin ke sha yake nunawa, ba ƙarfin jansa ba. Tarayyar Turai ta taƙaita injinan gida masu igiya zuwa wat 1600 a shekarar 2014, ta sake saukar da shi zuwa 900 a 2017, kuma injinan da aka ƙera bayan haka suna shara yadda ya kamata, domin an gyara fanka da kai da hanyar iska. Abin da zan fi so ki tambaya shi ne ko ana samun filtarsa da bel ɗinsa da jakarsa cikin sauƙi, don inji mai kyau da ba a samun filtarsa shekara biyu ce rayuwarsa.

Naki dai, ina kyautata zaton filta ce da buroshi. Ki wanke filtar soson yau, ki yanke gashin, ki bar komai ya bushe zuwa jibi, sannan ki gwada shi minti 15 kina sa hannu a iskar da ke fita ta baya. Ɗumi ba komai, zafin da hannu ba ya jurewa shi ne alamar har yanzu da saura. In ya ɗauka da kyau bai mutu ba, shi ke nan. In ƙaurin waya ya dawo, ki zare shi ki kai wa mai gyara, ki ce ya fara duba kabon da boris kafin ya kawo maganar canja moto, kuma duk abin da ya cire ki ce ya nuna miki tsohon.